Ƙanshi a Ɗakin Takaba

A wurin sunan 'yar ɗan'uwanku Sa'adu na sake jin maganar. Wata tsohuwa cikin danginmu na Gangara ta karɓi jaririyar, ta shinshina kanta, ta ce wannan ma za ta so ƙanshi, ai jinin wadda ta yi takaba da turare ce. Mata suka yi dariya, ku ma kuka taya su, don ba ku san wadda ake nufi ba. Mahaifiyata ake nufi, kakarku, kuma ba ta yi takaba da turare ba. Ina wurin, da hannuna aka fara abin, shi ya sa na ga gara in rubuta muku yadda ya kasance tun idona na ganin layi.

A wancan lokacin shekara ta biyu ke nan da ruwa ya juya mana baya. A daminar da ta wuce gero ya fitar da kai amma babu ƙwaya, dawa kuwa ko gwiwa ba ta kai ba ta bushe a tsaye. Fulani na wucewa kudu da shanun da ake ganin haƙarƙarinsu daga nesa, mutanen Nijar na shigowa ta Burkusuma da tabarmi a ka, ba su san inda za su ba. Gidaje da yawa sun koma cin anza, wadda sai an jiƙa ta an yi ta zubar da ruwan ɗacinta, ga shi ruwan ne babu. Ni a lokacin ban daɗe da gama makarantar horon malamai a Sakkwato ba, ina koyar da 'yan mata a Isa. Yarinya ce ni mai yawan zama shiru, mai kallon gajimare ta ba shi suna, mai rubuta 'yan waƙoƙin da ba na nuna wa kowa. Ina jin labarin yunwa a gida, amma ina jin sa ne kamar kiɗan da ake yi a wani gari.

Rijiyar unguwarmu ta ƙafe tun bazara ba ta yi nisa ba. Maza suka koma tsakiyar gulbi suna haƙa cikin yashi. Kullum ruwan ƙara nisa yake yi, ramin na ƙara zurfi, ba a kuma ɗaure shi da komai ba. Baba ne a ƙasa ranar da bakin ramin ya rufta. Da hantsi ne, Inna na cikin matan da ke jira da tulu. Da hannu aka tona, har da nata. Da aka fito da shi, jiƙaƙƙen yashi ya cika masa baki da hanci, ita ce kuma ta share masa fuska da gefen zanenta kafin a janye ta. Kafin motar kasuwa ta kawo ni daga Isa an riga an kai shi.

Gwaggo Tumba, yayar Baba, ita ta sa Inna cikin takaba. Ba Inna kaɗai ba, duk matar da mijinta ya rasu a unguwarmu Gwaggo ake kira. Ita ke kwance kitso, ta cire ɗan kunne, ta kwashe kwalli da lalle da duk wani abin ƙanshi daga ɗakin, ita ce kuma ke yi wa mace wanka ranar fita. Doguwa ce, baƙa, ba ta iya magana a hankali ba. A ɗakinta na girma, domin ni ce 'yar fari, Inna ba ta kiran sunana, ba ma zama tabarma ɗaya. Tun da na fara aiki Inna ta samu sauƙi, take ce mini Malama.

Inna ba ta yi kukan da aka saba gani ba. Ta zauna inda aka zaunar da ita, tana amsa gaisuwa. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne ruwa. Ruwan gulbi, ko an tace shi da tsumma, ko an bar shi ya kwanta a randa, yana zuwa da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙanshin nan da kowa a Gobir yake roƙon Allah ya sake ji a shekarar. Ita kuwa da an kawo moɗa kusa da hancinta sai numfashinta ya tsaya. Ta kama wuya, idanu su fito, zuciyarta ta yi ta bugawa har ana gani ta saman zane.

"Kulu, sha ki ba ni moɗa, aiki na jira na," in ji Gwaggo.

"Yaya, ƙasa nika ji. Ta cika mani ƙirji."

"Wace ƙasa? Ni da kaina nit tace shi, ko ƙwayar yashi babu."

"Ɗauke shi, don Allah. Ɗauke."

Sallah ma da taimama take yi, busasshiyar ƙasa ba ta dame ta. An karɓo rubutu wajen liman, amma rubutu da ruwa ake wanke shi. An kai maganarta wajen mai ba da magani a Sabon Birni, ya aiko da ƙwayoyi, ya ce a sha da ruwa mai yawa. Abin da ya riƙe ta shi ne ɗan nonon akuyarmu, ita ma akuyar takarda da ɓawon itace take ci, kullum nonon raguwa yake. Ina kallon leɓɓan Inna na tsagewa, ina kallon wuyanta na tsawo. Ko ina sallah kunnena na ɗakinta.

Akwai wata 'yar kwalbar mai a ƙasan akwatina, ba ta fi ɗan yatsa ba. Wata malamarmu 'yar Masar, Malama Nawal, ita ta ba ni a makaranta, lokacin da ta lura kowace jarrabawa sai hannuna ya yi ta rawa har in kasa riƙe alƙalami. Tana da tsiron da ake samun man daga gare shi a gwangwani bakin tagarta, ganyensa mai laushin gashi, mai yatsu kamar tafin hannun jariri. Jiraniyam ake ce masa. Ta ce a ƙasarsu gona guda ake yi, a turara ganyen a tatso mansa. Ba a sha, ba a kuma shafa shi tsagwaronsa a fata sai an haɗa da wani mai. Ɗigo ɗaya ya isa, a ja numfashi a hankali, a sake a hankali. Ta ce ba ya gyara abin da ya ɓaci a duniya, sai dai yakan sa zuciya ta zauna ta saurara. Ƙanshinsa kamar fure ne da aka matsa wa lemun tsami, da ɗan sanyin na'ana'a daga baya. Ni in na shaƙe shi lambu nake gani da sassafe, irin lambun da ban taɓa shiga ba.

Wata rana bayan azahar, Gwaggo ta tafi gulbi, na buɗe akwatin neman sabulu. Ashe zafi ya sa murfin ya ɗan saki, man ya jiƙa tsumman da na naɗe kwalbar. Ina ƙoƙarin mayarwa sai na ji muryar Inna daga kan tabarma.

"Malama, mi ke ƙanshi haka?"

Tun rasuwar Baba ba ta tambayi komai ba, ko rana, ko abinci, ko wanda ya shigo. Na tsaya da kwalbar a hannu. Na san dokar takaba kamar yadda na san sunana, a ɗakin mai dokar na tashi. Amma na ga hancin Inna na motsi, na ga kafaɗunta sun ɗan sauka. Sai na ɗiga ɗigo ɗaya cikin ɗan man gyaɗa, na shafa a wuyan hannuna. Na ɗebo ruwa, na durƙusa a gabanta kusa fiye da yadda na taɓa yi a rayuwata, na riƙe moɗar yadda wuyan hannuna zai zo daidai ƙarƙashin hancinta.

"Inna, kada ki dubi ruwan. Ja numfashi a hankali. Sake. Ƙara ja."

Ta ja. Ta ƙara ja. Ta rufe ido, na kai bakin moɗar leɓenta. Na ji maƙogwaronta ya motsa sau ɗaya, na jira ta ture ni. Ba ta ture ba. Ta shanye, ta kwanta, ta yi barci da rana tsaka, bakinta a ɗan buɗe kamar na yaro.

Gwaggo tun daga zaure ta fara.

"Wace amarya anka kawo muna ba a gaya mani ba?"

"Magani ne, Gwaggo."

"Magani ɗaci gare shi. Wanga turare ne. Anka aike ki koyo karatu, kin dawo muna da kantin Larabawa."

"Ba ta taɓa shi ba. Ga jikina shike."

Ta kama hannuna ta shinshina, ta yamutsa fuska. Sai idonta ya faɗa kan moɗar da ke kife, da Inna da ke barci. Ta daɗe tana kallo.

"Ta sha?"

"Ta sha."

"Kada shi taɓa zanenta. Kada shi taɓa tabarmatta. In nig gane shi ga jikinta, ke da kwalbar za ni jehwawa bayan katanga."

Na aika wajen matar liman ta tambayar mini. Amsar da ta dawo ba ta yi nisa da ta Gwaggo ba: an hana mai takaba ado ne, ba a hana ta magani ba, amma a kiyaye jikinta da tufafinta. Tun da haka ne, hannuna ya zama dole a duk lokacin da Inna za ta sha ruwa ko fura. Na aika wa shugaban makarantarmu cewa ba za ni koma Isa ba sai an fita takaba. Ya jira iyakar yadda zai iya, aka ba wata gurbina. Sai da na yi shekaru, har na haifi babbanku, kafin in sake riƙe alli.

Ba za ni ce muku man nan ya warkar da ita ba, ni ba likita ba ce. Abin da na gani kawai nake faɗa. Bugun zuciyarta ya riƙa lafawa da wuri. Ta fara cin ɗan tuwo, ta fara barcin rana, wata rana har ta yi mini faɗa a kan yadda nake tankaɗe. Sauro ma ya rage shiga ɗakin. Ni kaina, da ke yini da shi a hannu, na daina jin nauyin nan da ke danne ni in na tashi da safe. Amma kullum ina ɗaga kwalbar sama in ga inda man ya tsaya, in lissafa watannin da suka rage.

Abin da ban lissafa ba shi ne hancin mutane. Mata na shigowa gaisuwa, su zauna, su dubi juna. Ɗakin mai takaba warin hayaƙi da tsohon zane aka san shi da shi, namu kuwa yana ƙanshi kamar ana jiran ango. Wata safiya Gwaggo ta dawo daga gulbi da tulu babu ruwa, ta dire shi har ya kusa fashewa.

"Kin san abin da aka hwaɗi bakin gulbi? Wai Kulu ta hwara kiran maza da ƙanshi, ƙanena ko ƙasar kabarinai ba ta zauna ba."

"Ƙarya suke, Gwaggo, ke ma kin sani."

"Na sani. Su za ni bi gida-gida in nuna ma wuyan hannunki? Ni nika shiga ɗakin mutane in ce a aje kwalli, a cire ɗan kunne. Gobe da wane baki za ni hwaɗi haka, gidanmu na ƙanshi?"

"In kin karɓe, da mi za ta sha ruwa?"

"Ta samu sauƙi. Ta sha da bismilla, awa kowa."

Na riƙe kwalbar a bayana kamar ƙaramar yarinya. Ban taɓa yi wa Gwaggo musu ba sai ranar. Inna ce ta raba mu, daga cikin ɗaki, da murya ƙasa-ƙasa.

"Malama, ba ta. Ba ni son a riƙa kiran sunan babanku bakin gulbi da wagga magana."

Na miƙa. Gwaggo ta ƙulle kwalbar a haɓar zanenta, inda take ajiye goro.

Inna ta yi ƙoƙari, Allah ya sani. Takan karɓi moɗa da hannunta, ta toshe hanci, ta kurɓa, sai ya dawo. Na dafa ruwan da citta, na jiƙa shi da tsamiya, na turara randa da hayaƙin kara. Ɗan kaɗan ke shiga, shi ma da rawar jiki. Barcin ya gudu. Idanunta suka faɗa ciki, in na ɗan ja fatar hannunta sai ta tsaya a tsaye ba ta komawa. Gwaggo na gani, sai ta ƙara yawan faɗa, ta yi da kaji, ta yi da akuya, ta yi da ni. A lokacin ne kuma gari ya fita roƙon ruwa, maza da yara da dabbobi. Ina tsakar gida ina jin addu'arsu daga fili, ina cewa amin. Ruwan moɗa guda ya hana Inna numfashi. Ranar da duniya duka za ta yi wannan ƙanshi, ina za ni kai ta?

Ruwan saman ya zo da la'asar. Gabas ta yi baƙi, iska ta taso mai sanyi, yara suka fita suna tsalle. Zaurenmu ne kaɗai mai rufin kwano a unguwar, don haka matan maƙwabta suka shigo da tuluna da ƙoruka suka jera a ƙarƙashin indararo, har da waɗanda suka yi maganar gulbi. Ɗigon farko ya faɗi a kan ƙasar da ta yi watanni tana gasuwa, ƙanshin ya tashi gaba ɗaya, mai kauri, mai ɗumi. Mata na hamdala, wata na kuka. Ni na ruga ɗakin Inna na ja ƙofa, na cusa zane a taga. Aikin banza. Ta cikin jinka yake shigowa, ta ƙarƙashin ƙofa, daga bangon kansa.

Na same ta durƙushe tana tonon daɓen ɗakin da farce. Ba ta kuka, ba ta magana, wani ƙara kawai ke fita daga maƙogwaronta kamar na ƙofar da ta yi tsatsa. Na kai wuyan hannuna hancinta, babu komai a kai. Na ga leɓɓanta sun fara canza launi. Na buɗe ƙofa na kira Gwaggo da muryar da ban san ina da ita ba.

Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ruwa na dukan bayanta, matan sun taru a bayanta suna leƙe. Ta dubi Inna, ta dubi yatsunta masu jini. Na ga hannunta ya tafi haɓar zane. Ƙullin ya jiƙe ya ƙi kwancewa, ta sa haƙori. Ta juya ta fuskanci matan, ta cire murfin, ta juye kwalbar duka a ƙirjinta da mayafinta.

"Kun gani ko? Ga jikina niz zuba. Ni tawa takaba na gama ta tun wasunku na goye. Wadda za ta kai magana gulbi ta kai da sunana."

Ta shiga, ta zauna a ƙasa, ta jawo Inna da ƙarfi ta kifa fuskarta a ƙirjinta, ta rufe su da mayafin su biyu.

"Ja, Kulu. Ja numfashi. Ba ƙasa ba ce, ni ce Tumba. Ja, ko in mare ki."

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Ƙanshin ya cika ɗakin har yana sa hawaye. Na ji ƙaran maƙogwaron na raguwa, na ji numfashi ɗaya mai tsawo ya shiga, ya fita da kuka, kukan da ba ta yi ba tun ranar gulbi. A ƙarƙashin mayafin na ji murya ta biyu ta kama, ita ma mai mayafin ƙanenta take kira. Can Gwaggo ta leƙo da jan ido.

"Ke Malama, kin tsaya kallo? Tara moɗa ga indararo."

Na taro, na miƙa. Inna ta sha ruwan sama, kuncinta na manne da ƙirjin Gwaggo.

Daga nan maganar da kuka ji ta samo asali, domin kallabin Inna ya ɗauki ƙanshin, ya yi kwanaki a jikinsa. Mutane sun tuna kallabin, sun manta wadda ta zuba. Man tsagwaronsa ya ƙone wa Gwaggo fata, ƙirjinta ya yi ja ya saɓule, ta ɗauki tabon har kabari. Mutuwar da aka yi bayan nan a unguwar, wata aka kira ta sa takaba, haka ta gaba, haka ta gaba. Gwaggo ba ta taɓa tada zancen ba, sai dai in ta ji an yi rasuwa takan shiga ɗaki ta daɗe. Ruwan ma bai tsinana komai ba. An yi shuka a kansa, ya ɗauke, tsiron ya ƙone, muka ƙara shekara cikin yunwa.

Kwalba ta ƙare, saura mayafi. Gwaggo ta ƙi wanke shi. Ta kwaso tabarmarta ta dawo ɗakin Inna, duk lokacin shan ruwa ita ke riƙe moɗa da mayafin a kafaɗa, tana mita cewa an mai da ita baiwa da tsufanta. Ni kuwa kullum sai na faki ido na shinshina shi, ina jin ƙanshin na tafiya kaɗan-kaɗan, lemun ya fara tafiya, sanyin ya bi shi, furen ya daɗe kafin shi ma ya tafi. Ban gaya wa kowa ba. Ina tsoron ranar fita, don wankan ranar ba kurɓa ba ne, ruwan gulbi ne za a kwara mata tun daga ka.

Ranar ta zo. Ni na kai ruwan bayan ɗaki, ƙanshin ƙasa na tashi daga ƙwaryar har ni ma ina ji. Na tsaya a bayan zana. Inna ta tsuguna. Gwaggo ta ciro mayafin ta miƙa mata.

"Riƙe ga hancinki. In kin ji abin ya taso, ki ɗaga hannu in tsaya."

Na ji Inna ta shaƙa, ta sake shaƙa.

"Yaya, wanga ai babu komi cikinai sai zuhwarki da hayaƙi."

"To, ba ki ce ba tun jiya? In karɓe in aje shi?"

Na kama zanar da hannu biyu.

"Aje," in ji Inna. "Zuba ruwan."